Koyon Kasuwanci a Gwandu da Kalgo: A Gaban Maigida Ko Ta Waya?

Matashin da ya gama sakandare a Gwandu, ko ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, in ya ce yau kasuwanci zai koya, hanya biyu zai tarar a gabansa. Akwai ta iyaye da kakanni, wato ya samu maigida a kasuwar Jega ko cikin 'yan albasar Aliero ya zama yaronsa, ya ɗauki buhu, ya riƙe mudu, har ranar da za a sallame shi. Akwai kuma wadda ke cikin aljihunsa: wani da bai taɓa gani ba, a Legas ko Dubai ko wurin da ba a faɗa ba, yana kiransa zuwa zauren WhatsApp ko Telegram, ya biya kuɗin rajista a koya masa odar kaya daga Sin, ko cinikin kirifto, ko abin da ake kira foreks. Ra'ayina a kan wannan a fili yake. A fara koyo a gaban mutum, a ƙarasa ta waya. Waya tana iya tsawaita amanar da aka riga aka ƙulla ido da ido har ta kai Onitsha ko Kwatano, amma ba ta haifar da amanar da kanta. Wanda ya juya wannan tsari, ya fara daga nesa da kuɗinsa a hannu, ya sa jarinsa a hannun wanda ba zai yi asarar ko sisi ba in ya faɗi.

Dalilin haka yana cikin yanayin abin da ake koyo. Kasuwanci ya ƙunshi ilimi iri biyu, kuma ɗaya ne kawai ke bin iska. Farashin buhu a Dawanau, kuɗin mota daga Jega zuwa kudu, yadda ake rubuta shiga da fita, hukuncin bashi da riba a fiƙihu, duk waɗannan ana iya faɗarsu a saƙon murya, kuma malamin da ke Kano yana iya fin na unguwa iya bayyana su. Ɗaya irin kuwa a yatsu da hanci da haƙori yake. A dubi mai sayen shanshera a lokacin kakar shinkafar rani. Ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Sai ya soka ƙarfe ta ciki da ta gindi ya zaro, ya zuba a tafin hannu, ya murza ya hura ya ga yawan ƙaiƙayi da marar ƙwaya, sannan ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. In ta ce ƙaras ta tsage gida biyu, ta bushe. In ta lanƙwame a haƙori, da sauran ruwa a jikinta, za ta rage nauyi a ajiya, tana iya yin fumfuna, kuma injinan casa irin na Labana a Birnin Kebbi ko WACOT a Argungu za su rage mata kuɗi ko su mayar da ita, domin su da na'ura suke auna danshi, suna neman ya tsaya wajen kashi 14 cikin 100. Haka mai albasa: ya danna wuyanta da babban yatsa, ya saurari ƙarar ɓawon, ya sunkuya ya shinshina gindin tari. Babu bidiyon da zai sa wa yaro wannan a hannu. Sai ya ciza ƙwaya ya ce ta bushe, maigida ya ciza ya ce, "A'a, sake dubawa," sau ba adadi, kafin haƙorinsa ya san bambancin.

Akwai abin da ya fi gane kaya muhimmanci, shi ne wanda ke ɗaukar asara. Maigidan da ya ba yaro kuɗi ya aike shi ƙauye sayen kaya, in yaron ya kwaso ruɓaɓɓiya, aljihun maigidan ne ya yi kuka, don haka koyarwarsa ta gaske ce, faɗansa ma na gaske ne. Shi kuwa mai koyarwa daga nesa, ya riga ya karɓi kuɗin rajista tun kafin darasin farko, cin ɗalibi ko faɗuwarsa ba ya taɓa shi. Tarihin fatauci a wannan yanki ya nuna cewa Hausawa sun daɗe da iya kasuwancin nesa, amma ba su taɓa gina shi a kan baƙon da ba a san gidansa ba. Jega, wadda ke cikin masarautar Gwandu, ta zama babban zangon fatake a ƙarni na 19, ayarin goro suna bi ta nan su ƙetare kogin Kwara su nufi Gwanja, tafiyar watanni. Yaro yakan shiga ayari ƙarƙashin madugu yana kora jaki, ya yi tafiya bayan tafiya kafin a amince masa da kaya nasa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ta wannan hanyar goro ya taso kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda shanu ke tahowa daga arewa a sayar wa mahauta bashi ba tare da takardar banki ba, saboda akwai maigida a can wanda ya san mai kawowa, ya san mai saye, kuma shi ke biya in mai saye ya gudu. Tazarar ta kai ɗaruruwan kilomita, amma a kowane ƙarshenta akwai mutum mai gida da iyali da suna da zai ɓaci.

Mutanen Gwandu kuwa ba sa bukatar a je musu nesa neman hujja. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke cikin garin, ya rubuta Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu da littafin da ya ɗauka wurin kowannensu. Mutumin da ke cikin manyan marubutan zamaninsa bai ga cewa takarda ta wadatar ba. Ya ga wajibi ne a san daga hannun wa aka karɓa. Tambayar da ya kamata ɗan Gwandu ya fara yi wa duk mai cewa zai koya masa sana'a ke nan: kai wa ya koya maka, ina yake, wa ya sani?

Ga yadda za a tsara koyon. Da farko a zaɓi kaya guda ɗaya, wanda ake nomawa ko ake tarawa a inda ƙafa za ta iya kaiwa, shinkafa a fadamomin Kalgo da Bunza, albasa a Gwandu da Aliero, ko dabbobi, ko hatsi. Sannan uba ko kawu ko yaya ya kai yaro hannu da hannu, kada yaron ya je shi kaɗai, domin kaiwar ita ce ke sa maigida ya ji nauyi. A bincika maigidan wurin dillalai da 'yan kamasho da direbobin da ke ɗaukar masa kaya, su ne suka san mai biya da mai jan rai. Babbar alamar da za a nema ita ce yaransa na baya: mutum nawa ya sallama, suna ina yanzu, suna gaishe shi? Attajirin da ya shekara ashirin a kasuwa babu yaro ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa ta dalilinsa, ɗan dako yake nema, komai yawan kuɗinsa. Tun ranar farko a yi magana a fili gaban shaidu biyu, a rubuta: shekara nawa, me za a riƙa ba yaro na abinci da sabulu, wace irin sallama za a yi masa. Mutanenmu suna jin kunyar wannan magana, suna cewa ai tsakanin ɗa da uba ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu.

Tsawon zaman gaba da gaba kada ya gaza zagayen kaya guda cikakke, daga kaka zuwa kaka, kuma a nan ne gaggawa ke kayar da mutane da yawa. Wanda ya zauna wata uku a lokacin da albasa ke tsada zai fita da tunanin cewa albasa ba ta faɗuwa. Dole ya ga arahar lokacin cira, daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, ya ga an jibge ta a rudu, ya sa hannu a tsince ruɓaɓɓu bayan ruwa ya sauka, ya ga yadda tari ke ramewa, sannan ya ga tsadar ƙarshen shekara. A cikin wannan zagaye ne zai koyi lissafin da ke raba ɗan kasuwa da mai tara kaya. A ce, misali kawai, an sayi buhu 100 a kan naira 30,000 kowanne, miliyan 3 ke nan. Kuɗin buhu da dako da gyaran rudu da mai gadi da masu tsinta suka ci 300,000. Bayan wata biyar aka auna aka samu buhu 70 masu kyau. To, duk farashin da bai kai naira 47,000 da ɗoriya ba, faɗuwa ce, ko da a ido ya fi na saye da nisa. Yaron da ya sayar a 40,000 yana murna ya ci ribar 10,000 a kowane buhu, ya yi asarar rabin miliyan bai sani ba. Saboda haka littafi ya zama abokinsa tun mako na farko, ya rubuta komai da hannunsa, har kuɗin shayi, maigida ya duba kowace Juma'a. Bayan ido ya buɗe sai a fara aikensa da kuɗi kaɗan, buhu biyar, buhu goma, ya je ya sayo shi kaɗai ya dawo a zazzage a gabansa. Mataki na ƙarshe kafin sallama shi ne abin da littattafan Malikiyya suke kira ƙiradi: maigida ya ba da jari, yaro ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yanka tun farko, in an faɗi ba da sakaci ba mai jari ya rasa kuɗinsa, yaro ya rasa wahalarsa. Ba a yanka wa mai jari adadin kuɗi tsayayye, domin daga nan an fita daga ƙiradi an shiga wani abu.

Sai an kai nan waya take shigowa da cikakken amfaninta, kuma amfanin babba ne, bai kamata a raina shi ba. Yaron da ya bi mota zuwa kudu, ko aka ajiye shi a Kamba kusa da iyakar Nijar, yana iya ci gaba da karatu a hannun maigidansa in an kiyaye wasu ƙa'idoji. A sa lokacin kira tsayayye, bayan Isha misali, kada a bari sai matsala ta taso. Yaro ya riƙa ɗaukar hoton shafin littafinsa na ranar ya tura, shafin kansa da rubutun hannu, ba taƙaitawa da baki ba. Mafi muhimmanci, ya faɗi abin da zai yi kafin ya yi: "Alhaji, an taya min kaza, ina ganin in saki rabi in riƙe rabi zuwa jibi, saboda motoci uku kawai suka shigo." Shawarar da aka nema bayan an gama ciniki labari ce kawai. A kuma samu mutum na uku a can, dillali ko mai masauki da maigida ya sani, wanda zai iya sa ido a kaya ya faɗi gaskiya, domin hoto yana nuna saman buhu ne kawai. Kuɗi su bi ta asusun banki mai sunan wanda aka sani, kuma kada a saki kaya don ganin alat a waya sai an shiga asusu an tabbatar, tun da alat na bogi ya zama ruwan dare tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da ciniki ya koma kan tiransifa da na'urar POS. Ko ana waya kullum, a dawo gida a zauna a yi lissafi gwiwa da gwiwa aƙalla kowace kaka.

Akwai masu ja da wannan tsari, kuma wasu hujjojinsu masu nauyi ne. Na farko za su ce zaman gaban maigida ya cinye ƙuruciyar mutane da yawa, an yi shekaru ana bauta, ranar sallama aka ƙirƙiro laifi aka kori yaro hannu rabbana. Wannan gaskiya ce, yana faruwa, kuma zalunci ne. Amma wanda aka zalunta a Jega ya san ƙofar gidan azzalumin, yana da sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiya da hakimi da kotu, yana da shaidun nan biyu da takardarsa in an bi shawarar da ta gabata. Wanda aka cinye ta Telegram lambar waya kawai yake da ita, ita ma ta daina shiga. Na biyu za su ce matar aure da ke gida ba za ta iya zaman rumfa ba, waya ce kawai ƙofarta, kuma mata da yawa a Birnin Kebbi da Kalgo suna sayar da atamfa da turare da kayan kicin ta WhatsApp suna rufa wa kansu asiri. Wannan ma haka ne, kuma maganinsa yana cikin tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauyuka da ba za su iya zuwa wurinta ba, ta naɗa mata dattawa da suka yi karatu a gabanta, waɗanda ake kira jaji, su ne ke ɗaukar darasi su kai wa 'Yan Taru, wato matan da ke taruwa don karatu, a garuruwansu. Karatun daga nesa yake tahowa, amma akwai mace mai rai da ke zaune da mai koyo. Mai son koyon ciniki ta waya ta nemi irin wannan: babbar mace a unguwa ko a dangi wadda ta daɗe tana sana'ar, ta zauna da ita, ta ga yadda take ba da bashi da yadda take karɓa, sannan ta ƙara da darasin intanet. Na uku za su ce ilimin fitar da riɗi waje ko shigo da kaya daga Sin babu mai shi a Gwandu, ga kuɗin mota ya ninka tun cire tallafin mai a Mayun 2023. To, a tara kuɗin a je Kano sau ɗaya, a yi wata ɗaya ko biyu a Dawanau ko Kantin Kwari wurin wanda aka haɗa ka da shi ta hannun sananne, a ga sitonsa da takardunsa, a dawo a ci gaba ta waya. Kuɗin wannan tafiya bai kai rabin abin da odar farko ta makaho ke cinyewa ba.

Saura cinikin da babu buhu a cikinsa sam, na kan allon waya, wanda ya fi jan ɗaliban jami'a. Za a ce tun da kayan ba a taɓa su da hannu, malamin nesa da na kusa duk ɗaya ne. Ni a ganina a nan ne ma haɗarin nesa ya fi tsanani, kuma alƙaluma sun nuna haka. A 2018 hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, abin da ya sa ta taƙaita ninkin da ake ba su zuwa 30 a manyan kuɗaɗe. Wani bincike a Brazil ya bi mutanen da suka fara cinikin yini tsakanin 2013 da 2015, ya gano cewa cikin waɗanda suka nace fiye da kwana 300, kashi 97 cikin 100 faɗuwa suka yi. Sirrin yana cikin ninkin nan: in kamfani ya ba ka damar juya abin da ya ninka kuɗinka sau 100, motsin kashi 1 cikin 100 zuwa ɓangaren da ba naka ba ya share jarinka kaf. Da yawa daga cikin masu raba sigina, wato saƙon lokacin saye ko sayarwa, kuma ba daga kasuwa suke ci ba. Suna da yarjejeniya da kamfanin dillanci, ana biyansu kamasho a kan kowane ɗalibi da ya yi rajista ta hannunsu da kowane ciniki da ya buɗe, ya ci ko ya faɗi, don haka yawan shigarka kasuwa shi ne ribarsu. Ga kuma gefen addini, wanda bai kamata Musulmi ya tsallake ba: Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 2006 cewa ciniki da rancen dillali irin wannan bai halatta ba, saboda kuɗin kwana da ake ɗorawa a kan rancen da kuma haɗa bashi da sharaɗin ciniki.

Wanda duk da haka ya ƙudurta sai ya shiga, ko yana son sayen hannun jari na halal a kasuwar Legas, wanda shi abu ne daban mai tsari, ga abin da zai nema daga malaminsa. Ya san cikakken sunansa da inda yake zaune, kuma a samu wani amintacce da ya taɓa zama da shi. Ya nemi ganin bayanin asusunsa na shekara guda cur, har da watannin faɗuwa, a buɗe a gabansa, domin hoton riba kowa na iya haɗa shi. Ya tambaye shi kai tsaye ko kamfanin da yake tura ɗalibai wurinsa yana biyansa. Ya duba sunan kamfanin a jerin masu rajista na hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Kada ya tura kuɗi don a juya masa, kuma duk inda aka yi alƙawarin riba tsayayya a wata, ko aka ce kawo mutum biyu a ƙara maka, ya tashi. Cikin irin waɗannan tsare-tsare, MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a, kuma dukansu ta bakin abokai da 'yan'uwa suka yaɗu, waɗanda su ma ba su taɓa ganin masu abin ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga mai gudanar da irin wannan tsari, sai dai hukuncin ba ya mayar wa ɗalibi kuɗin makarantarsa. In an wuce waɗannan gwaje-gwaje, ya yi wata shida a asusun gwaji, yana rubuta dalilin kowace shiga kafin ya danna, ya kai littafin wurin wani babba a gida da ya san lissafin kasuwa, ko da ɗan albasa ne da bai taɓa ganin allon ba, ya tambaye shi nawa ya shiga, nawa ya fita, nawa ya rage. Kuɗin da zai fara sawa bayan haka kada su zama na rajistar zango, ko na iri da taki, ko na adashin mahaifiyarsa.